Daga Azara Zuwa Katako: Zaɓen Itacen Raba Ɗaki a Samaru da Sabon Gari



Na san akwai waɗanda su ka ga sanarwar wannan lacca su ka ce a ransu, me ya haɗa malamin Hausa da katako? Tambayar tana bisa hanya. Amma wanda aikinsa bin sawun kalmomi ne, ba ya rasa tsintar kansa a maƙera ko a majema ko a rumfar kafinta, domin can ne kalmomin su ke zaune. Ban da wannan kuma, ina da tabon abin a aljihuna. Shekarar da na komo daga karatu a ƙasar waje na kama hayar wani gida, na sa aka raba mini falo biyu da bangon katako don in sami wurin ajiye littattafai. A watan Agusta aka yi aikin, ya yi kyau ƙwarai. Kafin ƙarshen Janairu ƙofar ta daina rufuwa, ƙusoshi sun leƙo, kuma tsakanin allo da allo ya buɗe har ina hangen hasken fitilar falo daga inda na ke zaune. Na zargi kafinta, shi kuwa ya zargi mai katako, mai katako ya ce hunturu ne. Da na bincika sai na tarar mai katakon ya fi mu kusa da gaskiya, ko da ya ke bai faɗe ta duka ba.

Bari mu fara da abin da mu ka gada. Bahaushe bai san bangon katako a cikin ɗaki ba. In yana son ɗaki biyu sai ya gina biyu da tubali, in kuwa kariya kurum ya ke so, ga zana, ga asabari, ga labule. Inda itace ya shiga gininsa shi ne rufi, kuma a nan azara ce sarauniya, watau gangar giginya da aka tsattsaga. Magina sun fi son ta namijin giginya, sun ce ta fi tauri. Azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasar rufi in tazarar ta wuce kimanin ƙafa 6, saboda haka su ka ƙago tauyi, watau a fito da gajerun azara daga kan bango hawa-hawa, har a sami ɗaki mai faɗin wajen ƙafa 9. Wanda ya ke son fiye da haka sai ya nemi gwani ya ɗaura masa bakan gizo. Duk wanda ya shiga tsohon Masallacin Juma'a na birnin Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, tsakanin 1834 da 1846, ya ɗaga kai, abin da ya ke gani ƙasa ce, amma ƙashin da ke riƙe da ita azara ce. Kusan shekara 190 ke nan.

Akwai wani abu game da giginya da ya kamata mai sayen katako ya riƙe, don kada ilmin kakanninsa ya ruɗe shi. Giginya ƙarfinta a baya ya ke, cikinta kuwa laushi gare shi, shi ya sa masu faskaren azara su ke zubar da cikin. Itatuwan da a ke yanka katako da su akasin haka su ke. Zuciyar itacen, wadda ta fi duhu, ita ce ke ƙunshe da sinadaran da ƙwari ba su so. Farin naman da ke kusa da ɓawo kuwa, abincin da itacen ya tara ne a cikinsa, kuma ko na iroko ne ƙwari za su ci shi. Saboda haka in ka ga katako ja da farin gefe, wannan gefen shi ne ƙofar da ɓarna za ta shigo.

Katakon da aka yanka da zarto baƙo ne a ƙasar nan, harshe ma ya shaida. Muna da masassaƙi, mai gatari da gizago, wanda ke fafe turmi da akushi da kujera daga gungume ɗaya. Kafinta kuwa, da falanki, da inci, duk aron bakin Turawa ne. Jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, Sabon Gari ya tashi a gefen tasha, kuma ta wannan hanya kwanon rufi da siminti da katakon Kudu su ka fara shigowa da yawa. Daga baya manyan motoci su ka karɓe dakon. Garin Sapele, wanda har wani irin katako ya ci sunansa a kasuwannin duniya, nan ne aka kafa babbar masana'antar katako da filawud a ƙarshen shekarun 1940. Watau tun farko, yawancin katakon da mu ke aiki da shi ya girma ne a ƙasa mai laima, aka kawo shi ƙasa mai ƙura. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Shi kuwa wannan salon gini, na a kafa siraran katakai a jere a lulluɓe su da allo, a Amurka ya bunƙasa, wajen Chicago a shekarun 1830, sa'ad da injin yanka katako da injin ƙera ƙusa su ka sa abubuwan biyu su ka yi araha. A ƙasar da na yi karatu, in ka ƙwanƙwasa bangon ɗakin kwana sai ka ji shi kamar ganga, don fanko ne. Amma can katakon da a ke sayarwa an busar da shi a tanderu, an tantance darajarsa, an buga masa hatimi. A Amurka, alal misali, ba a kiran katakon gini busasshe sai ruwan da ke cikinsa bai wuce kashi 19 cikin 100 ba. A kasuwar 'yan katako ta Sabon Gari babu hatimi. Idonka da hannunka su ne hatiminka.

Kafintocinmu suna kiran aikin fatishan. Ni dai a wannan zama zan ce bangon katako, in kira na tsaye ginshiƙai, na sama da na ƙasa kwantattu, gajerun da a ke sawa tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi kuma 'yan tsakani. Wanda ya ke da sunayen da su ka fi waɗannan, ƙofar ofishina a buɗe ta ke.

To, ruwa. Wannan shi ne babban al'amari, kuma shi ne mai saye ya fi mantawa da shi. Sabon yankan katako cike ya ke da ruwa, wani irin ma nauyin ruwan ya kan kai nauyin itacen kansa. Ruwan nan iri biyu ne. Akwai wanda ke kwance cikin ƙofofin itacen, shi ne ke fara fita, kuma fitarsa ba ta rage girman katako ko kaɗan. Akwai kuma wanda ya jiƙa jikin zaren itacen. Sai ruwa ya sauko zuwa kimanin kashi 30 cikin 100 sa'an nan wannan na biyu ya fara fita, daga nan ne katako ya ke fara tsukewa. Ba ya kuwa tsayawa sai ya daidaita da iskar wurin da ya ke. A Sapele ko Benin, katakon da ya sha iska ya kan tsaya wajen kashi 16 zuwa 18. A nan Samaru da tsakiyar damina haka ɗin ne, domin laimar iska ta kan haura kashi 80. Amma da hunturu, sa'ad da laimar ta kan faɗi ƙasa da kashi 20, leɓe ya tsage, diddige ya yi kaushi, katako ya kan sauko har wajen kashi 5. Ashe katakon da mai sayarwa ya rantse maka busasshe ne, yana iya zama bai yi ƙarya ba. Busasshe ne a ma'aunin Kudu, da sauran tafiya a ma'aunin Zazzau.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne katako ba ya tsukewa daidai ta kowane gefe. Ta tsawo kusan ba ya raguwa. Ta faɗi kuwa, tsukewar da ya ke yi a bin zoben shekarun itacen ta kusa ninka wadda ya ke yi daga zuciya zuwa ɓawo. Wannan rashin daidaito shi ke sa falanki ya lanƙwashe kamar kwami, ginshiƙi ya murɗe, bakin katako ya tsage. Falanki mai faɗin inci 12 da aka kafa da ɗanyantakarsa yana iya rasa rabin inci ko fiye kafin bazara. Ƙusa kuma da aka buga cikin ɗanyen katako, in ya tsuke sai ya bar kanta a waje. Abin da ya sami bangona ke nan.

Yaya mutum zai gane busasshen katako? Akwai 'yar na'ura mai allura biyu da a ke soka wa katako ta nuna yawan ruwansa, kuma ina ganin duk sashen ayyuka na ma'aikata ya kamata ya mallaki ɗaya, don kuɗinta bai kai ɓarnar bango guda ba. In babu ita, a ɗaga katakai biyu iri ɗaya, mai nauyin shi ne mai ruwa. A ƙwanƙwasa, busasshe yana amsawa garau, ɗanye kuwa muryarsa a dushe ta ke. A taɓa bakin sabon yanka, ɗanye yana da sanyi, dussarsa kuma tana dunƙulewa a hannu. Amma abin da ya fi duk waɗannan shi ne haƙuri. A sayi katako da wuri, a jera shi a inuwa, ba a rana ba, bisa bulo don ya rabu da ƙasa, a sa 'yan sanduna tsakanin kowane hawa daidai saitin juna don iska ta ratsa, a ɗora nauyi a sama. Makonni kaɗan na farkon rani suna yin aiki mai yawa ga katako mai kaurin inci 2. Wanda zai murɗe ya murɗe a tsakar gida, a ware shi a yanka 'yan tsakani da shi. Ga 'yan'uwana ma'aikata masu rubuta takardar kwangila, da za a ƙara layi ɗaya cewa katako ya kwana mako huɗu a wurin aiki kafin a kafa shi, da an rage kuɗin gyara. Na san dai ƙarshen shekarar kuɗi ba ta jiran katako ya bushe.

Yanzu sai iri. A kasuwa za ka ji ana cewa jan katako da farin katako, amma wannan rabon bai wadatar ba, domin kowane launi ya tara dangi masu halaye daban-daban. A nemi sunan itacen. Iroko, wanda wasu ke kira loko, yana da nauyi da ƙarko, gara ba ta cika kula zuciyarsa ba, sai dai tsada. Maɗaci namu na nan shi ma yana da ƙarfi, ya ma fi danginsa na kurmin Kudu nauyi. Obece shi ne mafi sauƙi a hannu, yana da daɗin yanka, ba ya tsagewa in an buga masa ƙusa, amma riƙon ƙusarsa rarrauna ne, kuma ƙwari suna sonsa kamar me. In ka ga 'yan ƙananan huji a jikinsa da gari mai laushi yana zuba, to baƙi sun riga ka shiga. Afara tsaka-tsaki ne wajen nauyi, shi ma ba ya jure ƙwari sai da magani. Malaina, wadda asalinta daga Indiya da maƙwabtanta ne, tana da wani hali abin so: in ta bushe ba ta cika motsi ba. Aibinta shi ne jinkirin bushewa, kuma sau da yawa ƙanana a ke sarewa, waɗanda zuciyar tsakiya ta ratsa kusan kowane katako da aka fitar daga cikinsu. Rimi kuwa, duk da girmansa a idon Zage-zagi, har unguwanni su ka ci sunansa, katakonsa na zuban kankare ne, a yi amfani da shi a cire.

Bangon raba ɗaki ba ya ɗauke da rufi, nauyin kansa kawai ya ke riƙewa, da ƙofa, da abin da aka rataya. Saboda haka miƙewa da bushewa sun fi ƙarfi muhimmanci a nan. Wanda ya sayi iroko ya yi ginshiƙai duka ya yi asarar kuɗi, wanda kuma ya shimfiɗa obece a kan daɓe ya yi wa gara walima. A ganina, kwantaccen ƙasa da ginshiƙan da ke riƙe da ƙofa su zama na iroko ko maɗaci, sauran kuma busasshiyar malaina ko afara mai magani.

Kada a yi ciniki daga bakin rumfa. A sa a sauko da katakan, a ɗaga bakin kowane ɗaya a sa ido a bi tsawonsa kamar mai duba kibiya. Wanda ya ɗan yi baka ana iya miƙar da shi da 'yan tsakani, amma wanda ya murɗe ba shi da magani. Ƙulli, watau gurbin reshe, in ƙarami ne kuma a manne ya ke, ba laifi. In babba ne a gefen katako, ko baƙi ne mai shirin faɗowa, nan katakon zai karye. A dubi bakinsa, in ɗigon tsakiyar itace yana ciki, zai tsage. A kuma tafi da tef. Abin da a ke kira biyu-da-huɗu ba safai ya ke cika inci 2 da inci 4 ba, ƙafa 12 ɗin ma ta kan gaza. Wannan ba namu ne kaɗai ba, a Amurka biyu-da-huɗu inci ɗaya da rabi ne da inci uku da rabi, amma su kowane ɗaya haka ya ke. Namu kuwa wani ya fi wani, kuma ginshiƙan da faɗinsu ya saɓa ba za su ba da bango mai shafaffen jiki ba. A biya kuɗin inji a goge su su zama ɗaya.

Gara ba ta buƙatar gabatarwa ga mutumin da ya taɓa ajiye littafi a ƙasa a Samaru. Daga ƙarƙashin ƙasa ta ke tasowa, ta bi tsagar daɓe ko mahaɗar daɓe da bango, kuma bangon katako ya fi mata komai daɗi, don akwai duhu a ciki, ba mai ganin hanyarta sai fenti kaɗai ya rage. Saboda haka a toshe tsagar daɓe tukuna, a shimfiɗa leda mai kauri ko takardar kwalta ƙarƙashin kwantaccen ƙasa, sa'an nan a shafa magani. Kuskuren da a ka fi yi shi ne a shafe katako, sa'an nan a yanka, a bar bakin yankan tsirara, alhali kuwa nan ne ya fi shan ruwa, nan ne kuma ya ke fuskantar ƙasa. Baƙin man mota da wasu ke shafawa ba ya ratsa katako sosai, yana wari, yana ɓullowa ta cikin fenti, yana kuma taimakon wuta. Akwai magungunan kanti irin su Solignum, a karanta gwangwanin a ga wanda aka yi don cikin ɗaki. Akwai kuma gishirin boras, wanda a ke jiƙa katako a ruwansa, ba shi da wari, ya dace da wurin da ruwa ba ya taɓawa. Magungunan da iyayenmu su ka sani, aldirin da dildirin, Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta hana su, a 2009 kuma aka ƙara da lindan, wanda shi ne sinadarin Gammalin 20. Duk wanda ya kawo maka wani ruwa a jarka marar suna ya ce yana kashe gara shekara ashirin, ka tuna yaranka za su kwana jikin bangon nan.

Wata 'yar ratse. Zaɓen da mu ke yi a kasuwa yana komawa daji. Madobiya, wadda ke tsiro a dazuzzukanmu, an yi ta sararta ana lodawa zuwa ƙasar Sin har aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido daga 2017, a 2018 kuma aka dakatar da cinikinta daga Nijeriya. Itacen da ke ɗaukar shekaru masu yawa kafin ya isa sara bai kamata a ɓoye shi bayan filawud ba. Don irin wannan aiki ne aka dasa malaina da tik a gandun daji irin na Nimbia a kudancin Jihar Kaduna, kuma a nan Samaru akwai tashar binciken itatuwan daji tun shekarun 1960. Masu son ƙarin bayani ba su da nisan tafiya.

Sauran lissafi. Naira ta kori fam da sule a 1973, mita ta shiga makarantu da ofisoshi, amma 'yan katako har yau da ƙafa da inci su ke magana, mu ma sai mu bi su. Allon filawud ƙafa 4 ne da ƙafa 8, watau faɗinsa inci 48. Dole bakin kowane allo ya faɗa a tsakiyar ginshiƙi, shi ya sa a ke jera ginshiƙai a tazarar inci 16 ko inci 24, don duka biyu suna raba 48 ba saura. A ce bango ne mai tsawon ƙafa 12 da tsayin ƙafa 9, ba ƙofa. A tazarar inci 24 ana bukatar ginshiƙai 7, da kwantattu 2. 'Yan tsakani layi biyu ne, ɗaya a ƙafa 4, ɗaya a ƙafa 8 inda allo ya ƙare, guda 12 ke nan. Guntayen da su ka rage daga ginshiƙai za su ba da 7, katako ɗaya kuma ya ba da sauran 5. Jimla katako 10, da filawud 7 don fuska biyu. In allon siriri ne, na kwata inci, a koma tazarar inci 16, ginshiƙai su zama 10, in ba haka ba bangon zai riƙa lotsawa in an jingina. Wurin da za a rataya kanta ko allon rubutu kuma, a sa masa ƙarin ɗan tsakani tun kafin a rufe.

Ɗalibai, wannan na ƙarshe naku ne, domin ku ne mazauna ɗakunan da aka tsaga biyu a Samaru da kewayenta. Bangon siririn filawud ba ya tare magana, abin da ya saɓa wa tsarin gidan Bahaushe, wanda ya jera zaure da shigifa don kada na waje ya ji na ciki. Mafi muni, ba ya tare wuta. Allon jifsam ya fi shi a nan, domin kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jifsam ruwa ne da ke ɗaure a jikinsa, in wuta ta taɓa shi sai ruwan ya fita a hankali ya jinkirta ta. Kada a cusa dussar katako ko kwali ko soso a cikin bango don rage ƙara. In an ci karo da tsohon allon asbestos, kada a yanka shi da zarto, ƙurarsa tana jawo ciwon daji. Kafin ku biya kuɗin haya, ku tambayi mai gida ko wayar lantarkin da ke cikin bangon tana cikin bututu, ku duba gindin bangon ko akwai ƙasar gara, risho da hita kuma a ajiye su ta gefen bangon bulo.